Katangar Makaranta da Rijiyar Inna

Litinin, 1 ga Maris, bayan azahar

Takardar ta iso yau. Shafi huɗu ce. Na karanta ta a tsaye a ofis, na sake karanta ta a zaune, ba abin da ya canza. Sabuwar dokar jiha ta ce duk makarantar da ke son a sake buɗe ta, ta gwamnati ce ko ta kuɗi irin tamu, sai ta yi katanga mai tsawon ƙafa takwas, da ƙofa ɗaya tak, da maigadi. Ba mai shiga harabar sai ɗalibi ko malami ko iyayen yara. Masu makarantun kuɗi za a ba su tallafin tsaro: bulo, siminti, ƙofar ƙarfe da ladan magina. Kwamiti zai zo dubawa ranar 25 ga wata, wanda bai cika sharaɗi ba a karɓe masa lasisi.

Sunanmu yana cikin waɗanda aka ba tallafin. Malamai sai murna suke yi, har da mai cewa in yi sujudar godiya. Na ce to.

Wata na uku ke nan makarantar tana rufe. Yara ɗari biyu da 'yan kai suna zaune a gida, ajujuwa sun koma na ƙadangaru. Abin da bai rufe ba ita ce rijiya. Tana tsakiyar fili, aji uku ta gabas, biyu ta yamma, gidanmu ta kudu. Baba ne ya haƙa ta shekarar da Inna ta rasu, ya ce sadaka ce ya yi mata, duk wanda ya sha ladan na Inna ne, ba a hana kowa, ba a tambayar kowa sunansa. Daga baya ne ajujuwan suka zo suka kewaye ta. Yanzu idanunsa sun tafi, amma kullum da hantsi sai na kai shi gindin darbejiyar da ke bakinta ya zauna yana sauraron guga.

Ban gaya masa ba.

Talata, 2 ga Maris, da safe

'Yata Khairunnisa ba ta runtsa ba jiya ma. Shekarunta goma sha biyar, amma tun da aka dawo mana da ita daga waccan makarantar kwanan, a bayana take kwanciya, hannunta riƙe da bakin zanena. Ita kaɗai gare ni. Kwana goma sha ɗaya ta yi a hannun waɗanda suka kwashe su, iyakar abin da na sani ke nan. Ba ta faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Tagar ɗakinmu tana kallon rijiyar. Masu babura da ke fitowa daga Kongolam da jarkoki sun saba ratsowa su sha ruwa su wanke fuska. Tafiyar babur ba ta cika damunta ba. In aka kashe inji ne take shigewa ƙarƙashin gado.

Alhamis, 4 ga Maris, bayan la'asar

Jami'in kwamiti ya zo awo, sunansa Malam Suhaibu. Na so a ce mugu ne in samu wanda zan ji wa haushi, sai ga shi mutum mai kunya, har durƙusawa ya yi ya gai da Baba. Na janye shi ofis kada Baba ya ji.

Na tambaye shi ko za a lanƙwasa katangar a bar rijiyar a waje. Ya duba filin, na duba, mu duka muka ga sai dai a rushe aji. Na ce to a yi ƙaramar ƙofa ta arewa, inda hanyar masu ɗibar ruwa ta shigo. Ya ce doka ƙofa ɗaya ta ce. Na ce a riƙa buɗe wa mutane in an tashi daga makaranta. Ya tambaye ni yaushe ake tashi. Boko da safe, Islamiyya da yamma har kusan magariba. Asabar da Lahadi da ba boko akwai hadda, Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya akwai boko. Ni da bakina na lissafa masa, na ga ba ranar da filin nan yake zama babu yara.

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Duk wanda zai zo leƙen wuri da mugun nufi, ruwa zai fara roƙa. Kin fi ni sani."

Ban san me aka gaya masa a kaina ba. Na sa hannu inda ya nuna.

Juma'a, 5 ga Maris, da azahar

Na dafa shinkafa da wake. An ci.

Lahadi, 7 ga Maris, kafin magariba

Yau kasuwar Mai'adua, rijiya ba ta huta ba tun asuba. Makiyaya masu kora dabbobi, masu amalanke, mata da bokitai. Baba ya san kowa ta yadda yake jefa guga. Akwai mai sakin igiya gaba ɗaya, akwai mai lallaɓawa, shi kuwa sai ya kira sunan mutum tun kafin ya yi sallama. Wanda bai sani ba sai ya ce masa sannu da hanya, a sha lafiya, shi ke nan.

Carbinsa na bakin rijiya dabam ne da na salla. Duk gugan da ya fito sai ya ja ƙwaya ɗaya. Da na je ɗauko shi ya ce mini, "Murja, yau uwarku ta samu ɗari da arba'in da shida." Yana murmushi kamar manomin da ya cika rumbu.

Na ce masha Allah. Na kama hannunsa muka shiga gida. Ban gaya masa ba.

Litinin, 8 ga Maris, da hantsi

An sauke bulo mota biyu. Kabo magini ya zo da mutanensa sun fara haƙa tushe ta gabas. Baba ya tambayi ƙarar mece ce, na ce gyaran aji ake yi kafin a koma. Ya ce Allah ya sa albarka.

Shekarata arba'in da uku ban taɓa yi masa ƙarya irin wannan ba. Na jira in ji kunya ko nauyi a ƙirji, ban ji komai ba. Na je na ƙirga buhunan siminti na kulle sito.

Laraba, 10 ga Maris, bayan la'asar

Na yi tunanin sa injin jan ruwa, a ja bututu ta ƙarƙashin katanga, a kafa famfo a waje. Na kwana ina jin na samo mafita. Kabo ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce shi da mahaifinsa suka yi wa rijiyar nan yasa sau biyu, ya san cikinta. Idonta ƙarami ne, a hankali take tsattsafowa, daidai guga. In aka sa mata inji, kafin a sha shayi ta ƙafe, injin ya fara zuƙo yashi, gindinta ya zube. Ya ce in ina son in kashe ta gaba ɗaya, wannan ce hanya mafi sauri.

Ko da ma za ta ɗauka, takardar ta ce ba a taɓa tallafin don wani abin da ba ya cikin jerin. Na sake dubawa don kawai in duba.

Alhamis, 11 ga Maris, da safe

Babur huɗu jiya. Sau huɗu.

Juma'a, 12 ga Maris, bayan an sauko masallaci

Kulu ta shigo har tsakar gida ba ta ajiye bokitinta ba. Maƙwabciyarmu ce, mai ƙosai, ita ta yi wa Inna wanka ranar da ta rasu. Jikokinta uku suna makarantarmu, biyu ba na karɓar musu komai. Ta ce ta ji a bakin leburori cewa har hanyar arewa za a toshe. Na ce haka doka ta ce. Ta ce ta san da burtsatse a bayan tasha, ta kuma san layinsa, ta san kwana nawa yake yi a lalace, kuma ita ƙafarta ba ta kai ta can da ruwa a ka a wannan zafin. Na ce na sani.

Ta dube ni ta ce, "Malama, ko macijin Kusugu yana barin mutane su ɗiba ranar Juma'a."

Da a da ne da na rama, bakina ba ya kwana da bashin magana, duk unguwar nan an sani. Yau na ce mata ta gaishe da yara. Tana fita ta tsaya ta dubi labulen ɗakinmu, ta rage murya ta tambayi jikin yarinyar. Na ce da sauƙi. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi tana share ido da gefen mayafi. Ita ta zage ni, ita kuma ta yi kukan.

Lahadi, 14 ga Maris, da la'asar

Ɗari da sittin da ɗaya. Zafi ya ƙaru. Katanga ta kai ƙirji ta gabas.

Talata, 16 ga Maris, bayan la'asar

Na shiga motar Daura da sassafe, na je wurin Alƙali Harisu, abokin karatun Baba, wanda ya yi ritaya daga kotun shari'a. Na bar Khairunnisa da Maijidda, malamar aji ɗaya, ita kaɗai take yarda ta zauna da ita.

Na zayyana masa komai, har abin da ba na faɗa. Ya sa aka ɗauko masa littafi, ya buɗe, bai karanta ba. Ya ce abin da aka ba Allah wakafi ba a karɓe shi, kuma sharaɗin mai wakafi ana bin sa kamar yadda ya faɗa. Ya ce kuma kare rai yana gaba da komai, kuma bin dokar hukuma a kan abin da ya shafi tsaro wajibi ne. Na ce to wanne zan ɗauka. Ya ce ba ni ce mai wakafin ba, mai shi yana raye, in je in tambaye shi. Da ya ga na sunkuyar da kai sai ya cire tabarau ya ce, au, Jafaru bai sani ba? Na ce bai sani ba.

Ya ba ni dabino in kai masa. A mota na cinye rabi ban san ina ci ba.

Laraba, 17 ga Maris, da azahar

Iyayen yara sun yi taro a aji biyar. Wani ya ce ɗansa ya manta baƙi, wata ta ce in ba a buɗe a watan nan ba za ta mai da nata wata makarantar a Zango. Duk sun yaba katangar. Rabinsu daga rijiyar nan ake kai ruwa gidajensu, ba wanda ya tayar da maganar, kowa ya bar mini. Na yi musu godiya, na rufe taro da addu'a.

Juma'a, 19 ga Maris, kafin magariba

Zan rubuta yadda ya faru kawai.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya babur ya shigo ta arewa, mutum biyu, sun naɗe fuska da rawani saboda rana. Suka kashe inji daidai tagarmu. Ɗaya ya yi dariya ya ce wa ɗayan wani abu da ƙarfi. Ina kicin. Ban taɓa jin irin sautin da ya fito daga ɗakin ba, ba kuka ba ne, ban san sunansa ba. Na same ta a ƙarƙashin gado ta cusa hannunta a baki, ta cije shi har jini. Sai da na canza mata zane.

Masu sayar da kanwa ne. Sun sha ruwa, sun yi wa Baba godiya, sun tafi.

Tsakanin darbejiya da tagar nan taku goma ne. Mutumin da ke gane mutane ta ƙarar igiya, ba sai an gaya masa ba. Da na je ɗauko shi bai faɗa mini adadin yau ba, carbin yana aljihunsa. Na ɗaure mata hannun da tsumma mai tsabta, na ba ta koko, ta sha rabi.

Asabar, 20 ga Maris, da hantsi

Ba na jin komai, kuma abin yana ba ni tsoro. Ina salla ina kallon kaina ina yi.

Litinin, 22 ga Maris, bayan la'asar

An kafa ƙofar ƙarfe ta yamma, an shafa mata koren fenti. An ɗauki maigadi. Katanga ta kewaye ko'ina, saura giɓin arewa, faɗin amalanke ɗaya, inda ƙafafun mutane suka cinye ƙasa ta zama kwari. Nan kowa yake bi yanzu.

Na ce wa Kabo gobe ya toshe. Ya sunkuyar da kai yana goge cokalin gininsa. Ya ce shi ruwan rijiyar nan aka yi masa wankan kaciya da shi, kuma ranar da aka buɗe ta yana tsaye ya ji abin da Malam, wato Baba, ya faɗa da kunnensa. Ya ce ya gina duk inda na nuna masa bai yi musu ba, amma wannan giɓin hannunsa ba zai iya ba sai Malam ya ce a yi. Na ce zan kira wani maginin. Ya ce in kira, duk na garin nan ruwa ɗaya suka sha.

Saura kwana uku.

Talata, 23 ga Maris, da azahar

Na kai masa fura da nufin in faɗa. Na zauna har ya shanye. Na ɗauki kwanon na fito.

Laraba, 24 ga Maris, bayan la'asar

Da hantsi na kama hannun Baba zan kai shi gindin darbejiya, sai ya ce ba can ba, in kai shi arewa. Muka tafi a hankali. Da muka isa ya saki hannuna ya miƙa nasa, ya shafa katangar ta dama, ya taka giɓin yana ƙirga taku, ya shafa ta hagu. Kabo da mutanensa suna zaune a inuwa, duk suka miƙe.

Ya ce, "Murja, tun ranar Lahadin waccan iskar gabas ta daina taɓa mini ƙafa. Gyaran aji ba ya tare iska."

Ya ce ba faɗa zai yi ba, tambaya ɗaya gare shi.

"In an toshe nan, yarinyar za ta yi barci?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya daɗe a tsaye. Wata yarinya ta zo da bokiti ta tsaya a bayansa tana jiran ya matsa, ya matsa mata, ta shiga, muka jira ta ja ruwanta ta fito. Sannan ya kira Kabo ya ce ya kwaɓa siminti ya miƙo masa bulo ɗaya. Kabo ya ce Malam bari in sa, ai yanzu ka ce. Baba ya ce a'a.

"Ni na yi wa uwarku alkawari, ba ke ba, ba Kabo ba. In za a tambayi wani a kan wannan, ni za a tambaya."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Kabo ya zuba masa simintin, ya lalubo shi da tafin hannu ya baje, ya ɗora bulon. Ya karkace. Kabo ya kai hannu zai gyara, sai ya fasa, ya ɗora na biyun a gefensa yadda yake. Baba ya yi bisimilla a hankali, ya ce wani abu da ban ji ba, ina jin ba da mu yake ba.

Na ɗaga shi. Siminti ya ɓata masa gaban riga. Muna tafiya ya ce in aika wa Kulu da jarka biyu kullum daga cikin na gida, ita ƙafarta ba ta kai ta tasha. Na ce to. Kafin azahar an gama giɓin.

Na wanke masa hannu a buta. A nan ne kuka ya zo mini, ba shiri, irin wanda rabona da shi tun kafin a dawo da ita. Bai ce in yi shiru ba. Ya bar hannunsa a cikin nawa har ruwan butar ya ƙare.

Alhamis, 25 ga Maris, da la'asar

Kwamiti ya zo, mutum huɗu. Sun auna tsawo, sun buɗe ƙofa sun rufe, sun yi wa maigadi tambayoyi. Sun ce tamu ce ta fi kyau a duk waɗanda suka duba a yankin. Malam Suhaibu bai kalli wajen rijiyar ba ko sau ɗaya. An ce mu buɗe ranar Litinin.

Asabar, 27 ga Maris, da safe

Har yanzu ana zuwa. Ina jin ƙarar bokitai ta bayan katangar arewa, a tsaya, a yi magana ƙasa-ƙasa, a juya. Jiya wani makiyayi ya yi ta sallama a wajen, ya daɗe. Baba yana ɗaki, ƙofarsa a buɗe take.

Litinin, 29 ga Maris, ƙarfe goma na safe

An buɗe makaranta. Yara ɗari da tamanin da wani abu suka zo, sun shigo ta koriyar ƙofa ɗaya bayan ɗaya, maigadi yana duba fuskokinsu kamar bai san iyayensu ba. Jikokin Kulu suna ciki. Na yi jawabi a taron safe, ban tuna abin da na faɗa ba. An tafa.

Na leƙa gida yanzu. Khairunnisa tana kan gado, a kansa, ta juya wa taga baya, hannun da ta cije yana ƙarƙashin kumatunta. Tun bayan isha'i take barci ba ta motsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa har na tabbatar tana numfashi.

Baba ya yi wanka, ya sa farar riga, yana zaune a bakin gadonsa. Hantsi ya wuce. Bai ce in kai shi gindin darbejiya ba, ni ma ban tambaye shi ba. Da ya ji takuna ya ɗago kai ya ce, "Ta tashi?"

Na ce ba ta tashi ba. Ya ce to, a rage ƙarar ƙararrawa.